Jadawalin Barcin Ivandra

Duk wanda ya taɓa zama da Gualdino Moreno na minti biyar ya san manyan motoci ɗari biyu da sha huɗu ne ke barin tashar jiragen ruwa kullum da izininsa. Ba sai ka tambaya ba. A wurin biki zai faɗa, a wurin makoki zai faɗa, har a shagon mai aski na garinsu Amadora, a gefen Lisbon, ya taɓa faɗa wa wani tsoho da ke gyangyaɗi. Aikinsa tsara jadawali ne a wani kamfanin jigilar kaya, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a ofishinsu, shi ya sa shekara goma sha ɗaya ke nan bai yarda wani ya riga shi zuwa ba, bai kuma taɓa riga kowa tashi ba. Kirarin da ya yi wa kansa guda ne: "Ni kaya ba ya kwana a hannuna."

Matarsa Ivandra babbar ungozoma ce a wani asibiti. Kirsimeti shida a jere tana fitowa daga ɗakin haihuwa ta zarce ɗakin girki, inda dangin mijinta talatin ke jiran abinci. A watan nan kaɗai sau biyu barci ya kwashe ta a jirgin ƙasa, ta wuce tasharsu, sai a ƙarshen layi a Sintra mai shara ya tashe ta.

Saura kwana biyu jajibirin Kirsimeti ta dawo gida, ta cire takalmi, ta zauna a bakin gado.

"Dino, bana sun ba ni kwana biyu. Jajibiri da ranar. Ba na son kyauta, ba na son baƙi. Barci nake so in yi har jikina ya ce ya ƙoshi, in tashi in shiga ruwan zafi in jiƙa ƙafafun nan. Iyakarta ke nan."

"Vanda, ai wannan ƙaramin aiki ne. Mutumin da ke tafiyar da motoci ɗari biyu da..."

"Ban gama ba. In bana ma aka cinye mini, Allah na gani, zan je in rubuta sunana a aikin kowace Kirsimeti har in yi ritaya. Ɗakin haihuwa ya fi gidan nan shiru."

Maganar ta shige shi, domin duk cika bakinsa yana son matarsa, kuma ya san ba ta rantsuwa a banza. Ya dafa ƙirji ya ce za ta ga hutun da ba a taɓa yin irinsa a Amadora ba. Daga nan ya jawo kwamfuta. Kafin ya tashi ya raba hutun kashi ashirin da uku, kowane kashi da launinsa da lokacinsa, ya kuma saka wa kowanne ƙararrawa a waya.

Kashi na farko shi ne sanarwa. Ya shiga zauren dangi na waya, mai mutum sittin da huɗu, ya rubuta: "Bana babu girki a gidanmu. Ivandra za ta kwanta ta huta. Lafiyarta ƙalau. Kada kowa ya zo. Na sake faɗa, lafiyarta ƙalau. Kada a kira. Ƙalau take."

Sanarwa dai ba ta da duhu ko kaɗan. Abin da Gualdino ya manta shi ne, tun da danginsa suka baro mahaifarsu, tsibirin Santiago, ba a taɓa jin mace mai lafiya ta kwanta ranar jajibiri ba. Kuma a wurinsu, in gida ya ce kada a zo, to ranar ce ake ɗora tukunya a kai a tafi. Ɗan goggonsa Djosa, direban bas, shi ya fara amsawa: "Wane asibiti?" Gualdino ya yi tsaki ya kashe sautin zauren, abin da shi ma yana cikin jadawali, kashi na biyu.

Ranar jajibiri ƙarfe bakwai na safe ƙararrawa ta kaɗa a kan kunnen Ivandra. Ya taɓa kafaɗarta a hankali.

"Vanda. Vanda. Na tashe ki ne in gaya miki kina da barci har sha biyu."

Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi.

"In an ce daga ɗaya zuwa goma, nawa za ki ba barcin ya zuwa yanzu?"

Matashin kai ne ya ba shi amsa. Ya fita yana sanɗa, ya rubuta bakwai. Ya cire wayar ƙararrawar ƙofa don kada wani ya danna, sannan ya nufi kasuwa sayen bakalyau, domin ko duniya za ta tashi ba a jajibiri babu kifin gishiri da dankali da kabeji, kuma ya sha alwashin da hannunsa zai dafa.

Ko ɗan yaye a ƙasar nan ya san busasshen kifin nan sai ya yi kwana biyu zuwa uku a ruwa, ana sauyawa, kafin gishirinsa ya fita. Mai kifin ta dube shi ta dubi agogo.

"Senhor, na sabuwar shekara ne?"

"Na yau ne."

"To ga wanda aka riga aka jiƙa nan, ka ɗauki yanka biyu ka tafi."

"Dona, ku matsalarku ke nan, ajiye kaya. A wurin aikina abin da ya iso da safe, da safe yake fita. Ba ni wancan babban, kada ki yanka."

Ta miƙa masa kifin da ya kusa kai shi ƙirji, ƙeƙasasshe kamar katako. Ta ce Allah ya ba shi sa'a, ya kuma tanadi ruwan sha da yawa.

Lissafin Gualdino mai sauƙi ne. Masu jiƙawa kwana uku sau tara suke sauya ruwa. In kuwa aka bar famfo yana zuba, ruwa na sauyawa sau dubu a awa ɗaya. Tukunya ba za ta ci kifin ba, don haka ya shimfiɗa shi a kwamin wanka, ya toshe ƙasa, ya buɗe famfo har ƙarshe, ya bar ƙaramar kafar sama ta riƙa ɗauke rarar ruwan. Sha ɗaya da rabi zai fitar da kifi, ya wanke kwami, ya tara wa Ivandra ruwan zafinta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ya tsaya yana kallon aikinsa har da gyaɗa kai. Bai tsaya ya ga wutsiyar kifin ta taso ta manne wa kafar ba, don ƙararrawa ta kira shi yankan albasa.

Yana kan albasa ta shida sai ƙofa ta ɗauki ƙara kamar ana ƙira. Tia Filó ce, yayar marigayiya mahaifiyarsa Bia. Ta danna ƙararrawa ta ji shiru, sai ta cire murfin tukunya ta kama dukan ƙofa da shi. Ya zo a guje da safa, ya fita, ya jawo ƙofar a bayansa don kada ƙarar ta kai ɗakin barci. Ƙofar ta ce ƙwas. Mabuɗi na ciki, a kan tebur, kusa da jadawali.

Tia Filó na tsaye da ƙatuwar tukunyar kacupa, masara da wake da nama har baki. Bayanta mata huɗu ne da nasu tukwanen, bayansu Djosa da kujerun roba shida a ka. Ta dubi idon Gualdino jawur yana zubar da hawaye, ta ajiye tukunya.

"Ɗana, faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka."

"Albasa ce, Tia. Ku rage murya, don Allah."

"Albasa! Ka ji? Haka ubansa ya ce ranar da aka kwantar da Bia."

"Barci take yi!"

"Ƙarfe goma na safe, ranar jajibiri?" Tia Filó ta yi alamar gicciye. Matan da ke bayanta suka yi.

Djosa ya sauke kujeru ya fara jera su a kan matakala. "Injiniya, in dai ƙalau take, buɗe mu gaishe ta mu wuce."

"Ba za a buɗe ba."

"Ba za a buɗe ba, ko ba za ka iya ba? Ina takalminka?"

"Komai yana tafiya bisa tsari."

"Na gani. Motoci ɗari biyu da sha huɗu, ga direbansu a waje da safa."

Kafin sha ɗaya mutum ashirin da bakwai sun cika matakala daga hawa na huɗu zuwa na biyu. Gualdino yana hawa yana sauka da yatsa a baki, yana roƙon a yi raɗa. Ai kuwa aka yi raɗa, kuma babu abin da ke tara maƙwabta irin baƙi ashirin da bakwai masu raɗa a ƙofar gida ɗaya. Ƙofofi suka fara buɗewa. Wani ya rage sautin rediyonsa don girmamawa. Wata ta leƙo ta ce kai, mace mai kirki, ita ta karɓi haihuwar jikanta. Wata daga cikin matan ta zame ta tafi kiran Fada.

Sai ga Dona Graciete ta hawa na uku, gwauruwa 'yar shekara saba'in da takwas, tana hawowa da sandar goge ƙasa a hannu, gashinta a jiƙe.

"Senhor Gualdino, rufin ɗakina yana zubar da ruwa."

"Ba daga wurina ba ne, Dona Graciete. Tsarina yana da mafitar ruwa."

"Na ɗanɗana. Da gishiri."

Djosa ya fashe da dariya har ya dafa bango. "Injiniya, teku ka shigo da shi gida?"

Nan Gualdino ya juya da sauri. Ya dubi ƙasan ƙofarsa, ga wani siririn ruwa ya fara leƙowa yana neman safarsa. Hanya biyu ce: ya buga ƙofa ya tashi Ivandra, ya rasa Kirsimeti da ita har ta yi ritaya, ko ya bar gidan mutane ya nutse. Ya gyara tsayuwa ya ce akwai hanya ta uku, shi dama ya tanade ta. Wa ke da hoton ƙashi na asibiti? Kowa ya san da shi ake zura wa ƙofar da ta rufe kanta, a tura harshenta. Dona Graciete ta ce tana da na ƙugunta, ta sauka ta ɗauko.

Ya durƙusa a cikin ruwa yana zura hoton ta gefen ƙofa, yana girgiza ta a hankali, yana yi wa jama'a bayanin dabarar cikin raɗa. Hoton ya lanƙwashe. Ya zaro shi ya ɗaga sama zai miƙar, haske ya bi ta cikinsa. Tia Filó, wadda ta dawo daga rarraba kacupa a hawa na biyu, ta hango ƙashi da ƙarfe da ƙusoshi uku.

"Wayyo Ivandra! Ƙusa suka sa mata! Kuma ka ce albasa!"

"Ƙuguna ne, baiwar Allah," in ji Dona Graciete, amma kuka ya riga ya sauka hawa na uku, ya kai na biyu, ya fita titi. Daidai nan Fada ya iso yana haki, ya ɗaga rigarsa saboda ruwan da ke gangarowa, yana tambayar ina marar lafiyar.

"Babu marar lafiya!" Gualdino ya manta da raɗa ya kwarma ihu. "Hutu take yi! Hutu! Na tsara shi kashi ashirin da uku! Ku yi shiru, matata na barci!"

Muryarsa ta fi ta kowa, har karen hawa na ɗaya ya amsa. Sai wayar aljihunsa ta kaɗa. Djosa ya zaro ta ya karanta wa jama'a da ƙarfi: "Sha biyu daidai. A tashe ta da murmushi."

Ƙofa ta buɗe daga ciki. Ruwan da ya taru a bayanta ya kwararo kan ƙafafun Fada ya bi matakala. Ivandra na tsaye da rigar barci, ƙafa ba takalmi, matashin kai a hammata, ɗaya hannun riƙe da kifin ta wutsiya yana ɗiga.

"Dino, na je in jiƙa ƙafafuna, na tarar wani ya riga ni shiga."

Ta ɗora masa kifin a hannu biyu kamar jariri.

Tia Filó ta matso tana shafa mata fuska da ƙugu. "'Yata, me ke damunki? Kada ki ɓoye mana."

"Gajiya, Tia."

"Gajiya kawai? To gajiya ciwo ce? Mu da muke tashi ƙarfe huɗu mu share ofisoshi uku, mu dawo mu ɗora tukunya, wa ya taɓa jin mun kwanta?"

"Ba wanda ya ji, Tia. Ƙanwarki Nha Bia ma ba a ji ba. Shekara talatin da ɗaya tana share ofisoshin Lisbon, tana cewa sai ta yi ritaya za ta huta. Wata huɗu ta yi da ritaya ta rasu. Ni na riƙe hannunta. Ba zan jira irin wannan hutun ba."

Tia Filó ta dubi nata hannuwan. Gualdino ya sunkuyar da kai ga kifin, domin uwarsa ake nufi.

Dona Graciete ta buga sandarta a ƙasa. "Zo, 'yata. Falona bai jiƙe ba sai lungu ɗaya, kuma shekara tara ba wanda ya buga mini ƙofa ranar jajibiri. Miya ce da burodi kawai, da bargo."

Jama'a suka dare, Ivandra ta bi ta tsakiyarsu ta fara sauka. Gualdino ya biyo ta da kifi a rungume.

"Vanda, maganar rubuta suna fa?"

"Zan yi tunani in na tashi."

"Ƙarfe nawa za ki tashi?"

Ta tsaya ta juyo ta dube shi. Djosa ya zauna daɓas a kan matakala yana riƙe ciki, Fada ya juya fuska bango kafaɗunsa na rawa. Ƙofar Dona Graciete ta rufe, aka ji ƙarar sakata.

Sauran yinin a durƙushe Gualdino ya yi shi, da tsumma da bokiti, yana bin ruwa hawa-hawa. Dangi kuwa tunda an riga an zo, kuma ba wanda ya mutu, suka baje tukwane a kan matakala da maƙwabta da Fada aka ci aka ƙoshi. Duk wanda ya wuce shi sai ya tambaye shi kashi na nawa ake ciki. Ya dai dage ya dafa yanka ɗaya na kifin don ya nuna lissafinsa daidai ne. Fada ya gutsura, ya tauna sau biyu, ya sha ruwa kofi uku, ya ce Allah ya yafe wa kowa.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ya sauka hawa na uku ya ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya. Dona Graciete ta buɗe kaɗan.

"Me kake so?"

"In zauna kusa da matata."

"Da me ka zo?"

"Ba komai."

"Aljihu."

Ya miƙa mata wayar. Ta ce kujera ga ta can, sharaɗi ɗaya ne, ba gyara, ba shawara, ba tambayar lokaci.

Ivandra na miƙe a doguwar kujera cikin bargo, ƙafafunta a cikin robar ruwan ɗumi. A ɗaya kujerar, abin mamaki, Tia Filó ce ta cire takalmi da ɗankwali, baki a buɗe, tana munshari. Ta shigo ne wai ta duba yarinya na minti biyu. A lungu bokiti na karɓar ɗigon rufi, ɗis, ɗis.

Gualdino ya zauna a tsorace, hannu a kan gwiwa. Ya dubi bokitin. Ya kau da kai. Ya sake dubansa.

"Dona Graciete, da za a matsar da bokitin nan kamar taku ɗaya hagu, ai da ɗigon zai..."

Bai kai ƙarshe ba. Kansa ya tafi baya, bakinsa ya saki. Gajiyar shekara goma sha ɗaya ta danne shi a kujerar gwauruwa, safa a jiƙe, riga na warin kifi.

Ivandra ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa. Tausayinsa ya kama ta, don rabon da ta ga fuskarsa a sake haka har ta manta. Ta miƙa hannu ta ja gefen bargon ta rufa masa gwiwa.

"Dona Graciete," ta ce a hankali, "baɗi ma ki ajiye mana kujerun nan. Har tasa."

"Ba za ki rubuta sunan ba ke nan?"

"In ya zo ba waya."

Kamar jira take, wayar ta kaɗa a aljihun Dona Graciete. Tsohuwar ta zaro ta, ta nisanta ta da ido ta karanta: "Hutu ya ƙare. A tantance sakamako." Gualdino ya motsa cikin barci, hannunsa na laluben aljihu. Dona Graciete ta taka zuwa lungu, ta saki wayar cikin bokitin, ƙarar ta mutu.

"Wannan ma kwana uku take so," in ji ta, "ana sauya ruwa."